Wilhelm Maybach: Marayan Da Ya Koya Wa Injin Mota Awon Mai

Duk wanda ya taɓa ɗora buhun albasa a bayan ɗan kabu-kabu daga Galmi, ko wadda ta sayo kaya a kasuwar Illela za ta tsallaka da su Birnin Ƙonni, sun san irin wannan tsaiko. Babur yana cikin tafiyarsa sai ya soma tari, ya shaƙe, ya mutu a tsakiyar hanya. Mai babur ya sauko ya leƙa tanki ya ga da mai, ya cire fulogi ya ga lafiyarsa ƙalau, sai ya girgiza kai ya ce kafireto ne ya toshe. Ga rana tana dukan kaya, ga kasuwa tana shirin watsewa, duk saboda wani ɗan ƙarfe da bai wuce dunƙulen hannu ba.

Wannan ɗan ƙarfe shi ne a jikin injin ban ruwa na lambunan albasa da ke Galmi da fadamun Ƙonni, shi ne kuma a jikin ƙaramin janareton da mai shago yake kunnawa idan an ɗauke wuta. Aikinsa ɗaya ne, wato awo. Shi yake auna wa inji mai da iska, kamar yadda mai awo take auna gero a kasuwa. Idan ya cika mudu ya wuce ƙa'ida, kuɗinka ne yake fita ta salansa ya zama baƙin hayaƙi, idan kuma ya tauye mudu, inji ya rasa ƙarfi ya yi zafi.

A yau filin namu ya waiwayi tarihin mutumin da ya fi kowa hannu wajen samar da irin kafireton da muke amfani da shi, wani Bajamushe mai suna Wilhelm Maybach, wanda ya rasu a shekarar 1929.

Haihuwarsa da maraicinsa

An haifi Wilhelm Maybach ranar 9 ga Fabrairu, 1846 a garin Heilbronn da ke masarautar Württemberg, a kudancin Jamus ta yau. Mahaifinsa kafinta ne, kuma su biyar ne a wurin iyayensu, dukkansu maza. Neman abinci ya sa gidan ya koma birnin Stuttgart, amma zaman bai zo da sa'a ba. Mahaifiyarsu ta rasu, ba a jima ba mahaifinsu ya bi ta, aka bar yara biyar babu mai riƙo.

Da abin ya fi ƙarfin na kusa da su, sai aka buga sanarwa a wata jarida ta Stuttgart ana neman masu tausayi da za su ɗauki yaran. Haka aka rarraba su. Shi Wilhelm ya faɗa hannun wani malamin addinin Kirista mai suna Gustav Werner, wanda yake da gidan riƙon marayu da marasa galihu a garin Reutlingen, ana kiran gidan Bruderhaus, wato gidan 'yan'uwa. Wannan gida ba ciyarwa kaɗai yake yi ba, yana da masana'antu na kansa inda ake koya wa yara sana'a, cikinsu har da maƙerar injuna.

Da farko sana'ar gasa burodi da kayan zaƙi aka nufa da yaron. Amma Werner ya lura da yadda hannunsa ya faɗa a kan zane da lissafi, sai ya canza shawara. Yana da shekara 15 aka sa shi a ɗakin zanen injuna na maƙerar, da rana yana aiki, da yamma yana zuwa ɗaukar darasin lissafi da kimiyya a makarantar garin. Da a ce wannan malami bai kula ba, da Maybach ya ƙare rayuwarsa a bakin tanderun burodi, babu wanda zai ji sunansa.

Haɗuwarsa da ubangidansa

A wajen shekarar 1865, yana da shekara 19, Maybach ya haɗu da mutumin da zai zama ubangidansa har mutuwa ta raba su. Shi ne Gottlieb Daimler, injiniyan da aka ɗauko domin ya shugabanci maƙerar Bruderhaus, wanda ya girme shi da shekara 12. Halayensu sun bambanta. Daimler mutum ne mai hangen kasuwa, mai zafin rai, wanda ya iya shiga gaban masu kuɗi. Maybach kuwa mai shiru ne, ba ya son hayaniya, a ba shi takarda da fensir a ƙyale shi. Ɗaya ya san abin da duniya za ta saya, ɗaya kuma ya san yadda za a ƙera shi.

Daga nan duk inda Daimler ya sa ƙafa Maybach yana biye. A 1869 suka koma wani kamfanin injuna a Karlsruhe, a 1872 kuma suka koma kamfanin Deutz da ke kusa da birnin Kolon, inda Nikolaus Otto yake. Shi Otto shi ne a 1876 ya fito da injin da yake aiki da bugu huɗu: ya shaƙi iska da makamashi, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi. Har yau a kan wannan tsari yawancin injunan mota da babur suke tafiya. Maybach ne shugaban sashen zane na kamfanin, shi ya gyara injin Otto har ya kai a riƙa ƙera shi da yawa ana sayarwa. A shekarar ta 1876 kamfanin ya tura shi Amurka, wajen babban baje kolin birnin Philadelphia. A 1878 ya auri Bertha Habermaas, suka haifi 'ya'ya uku, Karl da Adolf da Emma.

Sai dai injunan Deutz suna da aibi babba. Ƙatti ne masu nauyin gaske da ake kafawa wuri ɗaya a masana'anta, kuma iskar gas suke sha ta bututun da aka ja daga cikin gari. Injin da yake ɗaure da bututu kuwa ba zai je ko'ina ba. Burin Daimler shi ne ƙaramin inji mara nauyi, mai saurin juyawa, wanda zai ɗauki abincinsa a jikinsa, a ɗora shi a kan keke ko jirgin ruwa ko keken doki. Saɓani ya yi tsanani tsakaninsa da Otto, a 1882 ya bar kamfanin. Maybach ya ajiye babban muƙaminsa da albashinsa ya bi shi.

Ɗakin lambu a Cannstatt

Daimler ya sayi gida a Cannstatt, kusa da Stuttgart, suka mayar da wani ɗaki da ke cikin lambun gidan maƙera. Dare da rana suna aiki a ɓoye, ƙofa a rufe, har aka tsegunta wa 'yan sanda cewa kuɗin jabu ake bugawa a ciki. Da 'yan sanda suka shiga, ba su tarar da komai ba sai ƙarafa da kayan inji.

A 1883 suka samu injin da yake juyawa sau 600 a minti ɗaya, a lokacin da injunan Otto ba su kai 200 ba. A 1885 suka fito da wani mai silinda ɗaya a tsaye, wanda saboda siffarsa aka yi masa laƙabi da agogon tsaye. Ƙarfinsa rabin doki ne kacal. Suka ɗora shi a kan wani keke na katako, wanda shi ake ɗauka a matsayin kakan duk baburan da ke shan fetur a duniya, har da na 'yan kabu-kabunmu. Gudunsa bai wuce kilomita 12 a awa ba. A 1886 suka ɗora injin a kan keken doki mai ƙafa huɗu, suka kuma sa shi a kwalekwale a kogin Neckar. A wannan shekara ce kuma wani Bajamushen, Carl Benz na garin Mannheim, ya yi rajistar tasa motar mai ƙafa uku, ba tare da sun haɗa aiki ba.

Matsalar da ta hana motocin farko sakat

A nan ya kamata mai karatu ya fahimci abu ɗaya. Inji ba ya ƙona fetur yana ruwa. Dole sai man ya zama tururi ko feshi, ya gauraya da iska, sannan wuta ta kama shi a cikin silinda. Kuma gaurayen yana da ƙa'ida: kusan awo 15 na iska a kan awo ɗaya na mai, idan da nauyi aka auna. Wato lita ɗaya ta fetur tana bukatar iskar da ta kai wajen lita 9,000 kafin ta ƙone sarai. Idan mai ya yi yawa, inji ya yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, mai ya tafi a banza. Idan iska ta yi yawa, inji ya riƙa atishawa, ya yi zafi, ya kasa hawa tudu.

Kafireton farko da Benz da su Maybach suka yi amfani da shi wani gwangwani ne da ake zuba mai a ciki, iskar da inji yake zuƙa ta bi ta saman man ko ta ratsa cikinsa, ta ɗebi tururinsa ta wuce. Kamar dai yadda iska take ɗibar ƙanshin turare idan an bar kwalba a buɗe. Dabarar tana aiki, amma babu tabbas a awonta. Da sanyin safiya mai ba ya tashi sosai, sai inji ya ƙi kamawa. Da rana ta take, tururi ya yi yawa. Idan mota ta faɗa rami, mai ya karkaɗu, awo ya rikice.

Babbar illar kuma ita ce fetur ba abu ɗaya ba ne, haɗi ne na sassa masu sauƙin tashi da masu nauyi. Iska takan fara kwashe masu sauƙin, ta bar masu nauyin a gindin gwangwani, kamar wanda ya shanye ruwan fura ya bar gaya a ƙasan ƙwarya. Tafiya tana nisa, inji yana rage ƙarfi, har sai an zubar da ragowar an zuba sabo. Saboda haka direban wancan zamani hannunsa kullum yana kan maɓallin iska, yana ƙarawa yana ragewa, kuma sai mai mafi sauƙin tashi injin yake karɓa.

Irin wannan mai kuwa ba a gidan mai ake samunsa ba, domin babu gidajen mai a lokacin. A kantin magani ake sayar da shi a kwalba, mata suna goge tabon tufafi da shi. A watan Agusta na 1888, matar Carl Benz, ita ma sunanta Bertha, ta ɗauki motar mijinta ba da saninsa ba, ita da 'ya'yanta maza biyu, ta tafi ganin gida daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar da ta haura kilomita 100, wato ta ɗara nisan Illela ta bakin iyaka zuwa Sakkwato. A hanya sai da ta tsaya a kantin magani na garin Wiesloch ta sayi mai, da bututun mai ya toshe kuma ta zare allurar hularta ta zuƙule shi. Wuni guda ta yi kafin ta isa. Wannan mata ta nuna wa duniya cewa mota tana iya doguwar tafiya, amma tafiyar ta kuma nuna irin wahalar da ke tattare da ciyar da inji.

Kafireton da aka ƙera a zauren otal

A 1889 Maybach ya zana mota sukutum mai ƙafafun ƙarfe da inji mai silinda biyu, aka kai ta baje kolin birnin Paris. Faransawa suka yaba da injin, kamfanin Panhard et Levassor ya samu izinin ƙera shi, kuma da irin wannan inji ne kamfanin Peugeot, wanda muka sani da Fijo, ya fara yin motocinsa masu shan fetur.

Kasuwa ta fara buɗewa, sai bukatar jari ta taso. A watan Nuwamba na 1890 aka kafa kamfanin Daimler-Motoren-Gesellschaft tare da wasu attajirai biyu, Max Duttenhofer da Wilhelm Lorenz. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar jarin wani ya san abin da kan biyo baya: mai kuɗi shi ne mai magana. Attajiran sun fi son a tsaya ga injunan da ake kafawa wuri ɗaya, waɗanda ribarsu take a hannu. Shi kuwa Maybach, wanda kusan duk abin da kamfanin yake sayarwa daga zanensa ya fito, ba a ba shi matsayin da ya dace da shi ba. A watan Fabrairu na 1891 ya tattara takardunsa ya fita.

Ya fara aiki a cikin gidansa, daga baya a 1892 aka kama masa hayar zauren wani tsohon otal a Cannstatt mai suna Hermann, Daimler yana ba shi kuɗi a asirce daga aljihunsa. A wannan zaure, da 'yan ma'aikata ƙalilan, ya ƙera sabon inji mai silinda biyu a jere wanda aka sa wa suna Phoenix, kuma a 1893 ya fito da kafireto mai feshi.

Dabarar kashi biyu ce. Kashi na farko wani ɗan kofi ne da mai yake zubowa cikinsa daga tanki. A cikin kofin akwai wani abu mara nauyi da yake yawo a saman mai, kamar ƙoƙo a saman ruwan randa, an haɗa shi da allura. Idan mai ya cika zuwa iyakar da aka tsara, ƙoƙon ya taso, allura ta toshe ƙofar shigowa. Idan inji ya sha mai ya ragu, ƙoƙon ya sauka, allura ta buɗe. Ta haka man da ke kofin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ko tanki a cike yake ko ya kusa ƙarewa.

Kashi na biyu wani siririn bututu ne mai ɗan ƙaramin rami a baki, wanda ya fito daga kofin ya leƙo cikin hanyar da iska take bi zuwa inji. Duk lokacin da fistin ya sauka ya zuƙo iska, saurin iskar yakan tsotso mai ta wannan rami ya watsa shi ya zama feshi, kamar yadda mai guga yake fesa wa riga ruwa da baki. Idan inji ya zuƙi iska da yawa, mai ya fito da yawa, idan ya zuƙi kaɗan, mai ya fito kaɗan. Kuma tun da yake man ake tsotsowa gaba ɗayansa, ba tururinsa ba, babu sauran zancen a sha ruwa a bar gaya.

Abin da wannan dabara ta canza

Amfanin farko shi ne inji ya samu awo mai tabbas daga farkon tafiya har ƙarshenta. Na biyu, ya samu damar ƙara gudu, domin tsohon kafireto ba ya iya tayar da tururi da saurin da inji mai gudu yake bukata, sai an yi shi ƙato. Na uku, sabon kafireto ƙarami ne, ba ya ɗauke da mai da yawa a kusa da wuta, kuma yana karɓar man da ya ɗan fi nauyi. Na huɗu, direba ya samu sauƙin fama da maɓallin iska, ya mayar da hankali ga hanya.

An ga sakamakon a fili a watan Yuni na 1895, lokacin da aka yi tseren motoci daga Paris zuwa Bordeaux da dawowa, kilomita 1,178, wato kusan tafiyar Ƙonni zuwa Yamai sau uku. Émile Levassor ne ya riga kowa isowa da motar Panhard mai injin Phoenix, bayan ya yi kusan awa 49 a kan hanya, yana tafiyar kimanin kilomita 24 a awa. A yau ɗan kabu-kabu zai yi wa wannan gudu dariya, amma a wancan zamani babu dokin da zai iya jure irin wannan tafiya.

A can gida kuwa kamfanin Daimler, wanda ya rabu da Maybach sannan ya ture shi kansa Daimler gefe, ya shiga halin ni-'yasu. Sai ga wani Bature ɗan Ingila, Frederick Simms, ya zo da tayin mak 350,000, kuɗin Jamus na lokacin, domin sayen izinin ƙera injunan a ƙasarsa, amma da sharaɗin sai an dawo da mutanen biyu. Attajiran da suka raina mai zane dole suka neme shi. A watan Nuwamba na 1895 Maybach ya koma kamfanin a matsayin babban daraktan fasaha.

Gaskiya ita ce ba shi kaɗai ya yi tunanin feshin mai ba. A ƙasar Hangari, Donát Bánki da János Csonka sun nemi rajistar irin wannan kafireto a farkon 1893, don injin da ake kafawa wuri ɗaya. A Ingila ma Edward Butler ya riga ya gwada makamancinsa, har kotun ƙasar ta dogara da hakan ta ƙi amincewa da cewa masu riƙe da rajistar Maybach su kaɗai ke da haƙƙin dabarar. Amma na Maybach shi ne ya shiga motocin da aka sayar da yawa, shi masu ƙera motoci suka kwaikwaya. Haka nan bai rasa nasa aibin ba, domin idan inji ya yi gudu sosai yakan zuba mai fiye da ƙima. Wasu suka ɗora a kai, kamar Arthur Krebs na kamfanin Panhard, wanda a 1902 ya ƙara wata ƙofa da take buɗewa da kanta ta ƙaro iska. Daga baya kamfanoni irin su Zenith da Solex suka ƙara gyara shi. Duk da haka, kofi da ƙoƙo da allura da ɗan ramin feshi suna nan yadda Maybach ya tsara su.

Motar da ba ta ɗauki sunansa ba

Da aka warware matsalar awon mai, sai ta zafi ta taso, domin inji mai ƙarfi wuta ne. Maybach ya ƙera lagireto mai bututu a 1897, sannan a 1900 ya fito da mai kama da saƙar zuma, wanda yake sanyaya inji da ruwa kaɗan.

Ranar 6 ga Maris, 1900 Gottlieb Daimler ya rasu, bayan sun shafe shekara 35 tare. A wannan shekara wani attajiri ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Emil Jellinek, wanda yake zaune a birnin Nice na Faransa yana dillancin motoci ga masu hannu da shuni, ya matsa wa kamfanin a yi masa mota doguwa, mai ƙasa-ƙasa, mai ƙarfi, wadda ba za ta kife a kwana ba. Ya yi odar guda 36 a kan mak 550,000, da sharaɗin a sa wa motar sunan 'yarsa, Mercédès.

Maybach ya zauna ya zana ta. Injinta mai silinda huɗu ne, da ƙarfin doki 35, da kafireto biyu, kowane ɗaya yana ciyar da silinda biyu, tana kuma gudun da ya haura kilomita 70 a awa. A tuna, shekara 15 kafin nan rabin doki ne ƙarfin injinsu. An miƙa ta farko a watan Disamba na 1900, a watan Maris na 1901 kuma ta cinye tseren makon Nice. Masana tarihin mota da yawa suna ɗaukar ta a matsayin motar zamani ta farko, wadda ta rabu da siffar keken doki. Faransawa suka yi wa Maybach laƙabi da sarkin masu zana injuna.

To amma sunan da duniya ta riƙe shi ne Marsandi, sunan 'yar mai saye, kamfani kuma yana ɗauke da sunan Daimler. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan rasuwar ubangidansa babu mai tsaya masa a gaban masu jari, aka riƙa rage masa iko a hankali, har a 1907 ya bar kamfanin a karo na biyu, yana da shekara 61, aka ba Paul, ɗan Daimler, kujerarsa.

Ƙarshen rayuwarsa

Tsufa bai sa ya nade hannu ba. Ranar 5 ga Agusta, 1908 wani ƙaton jirgin sama mai kama da balan-balan, na Ferdinand von Zeppelin, ya sauka a Echterdingen saboda matsalar inji, guguwa ta fizge shi ya ƙone ƙurmus. Maybach ya tuntuɓi Zeppelin ya gabatar masa da sabon injin da ɗansa Karl zai iya ƙerawa. A watan Maris na 1909 aka kafa kamfanin yin injunan jiragen, Karl ne shugaban fasaha, uban yana ba da shawara. A 1912 kamfanin ya koma Friedrichshafen, a 1918 kuma ya koma amsa sunan Maybach.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an hana Jamus ƙera jiragen yaƙi, sai Karl ya juya ga motoci. A 1921 aka nuna motar farko mai ɗauke da sunan Maybach a birnin Berlin, lokacin tsohon yana da shekara 75. A 1929 jirgin Graf Zeppelin ya kewaye duniya da injunan Maybach guda biyar. Ranar 29 ga Disamba na wannan shekara Wilhelm Maybach ya rasu a Cannstatt yana da shekara 83, aka binne shi a maƙabartar da aka binne Daimler. A yau motocin alfarma mafiya tsada na kamfanin Marsandi suna ɗauke da sunan Mercedes-Maybach.

Abin da ya bar mana

Kusan shekara 100 kafireto ya yi yana mulki a jikin motoci. Da shi Fijo 404 da 504 suka yi ta jigilar 'yan kasuwa tsakanin Sakkwato da Illela, da Ƙonni da Tawa da Maraɗi. Daga farkon shekarun 1990 sababbin motoci a Turai da Amurka suka bar shi, suka koma ga na'urar da take fesa mai bisa lissafin kwamfuta, saboda dokokin rage hayaƙi. Amma a jikin yawancin baburanmu da injunan ban ruwa da ƙananan janareto yana nan daram, domin yana da araha, kuma bakaniken bakin hanya yana iya kwance shi ya wanke ya mayar da sukuddireba ɗaya.

Wanda ya gane yadda yake aiki zai gane dalilin yawan toshewarsa a ƙasarmu. Ramin feshin nan bai fi bakin allura ba sosai, ƙwayar yashi ɗaya ko ɗigon ruwa ya isa ya tsayar da shi. Saboda haka mai sayen man kwalba a bakin hanya ya sa a tace masa da ƙyalle mai tsabta, a riƙa wanke matatar iska musamman lokacin hunturu da ƙura take yawa, kuma wadda ta ga janaretonta yana baƙin hayaƙi ta san awo ne ya ɓaci, ribar shagonta ce take ƙonewa, ta kira mai gyara tun da wuri.

Sai kuma batun yaran da ke hannunmu. Maybach maraya ne da aka yi cigiyar mai riƙonsa a jarida, wani ya ɗauke shi, ya lura da inda basirarsa take, ya sa shi a hanyarta. A kasuwanninmu da tashoshinmu da garejinmu akwai marayu da yaran shago da yawa da suke ɗaukar mana kaya. Mai gida ko uwar ɗakin da ke da irin wannan yaro, ya kamata su duba abin da hannunsa ya iya, kuma idan ya yi aikin da ya kawo riba, a faɗi sunansa a ba shi haƙƙinsa.